Hoton Bangon Cindo

A shagon Cindo tela, nan Maigatari,
saman keken ɗinki, kusa da ƙusar almakashi,
akwai wata takarda da ta tsufa har ta yi ja.
Kakansa ya zo da ita daga Damagaram,
wai sukari aka ƙunso masa a ciki.

Mutanen Faransa ne na zamanin da,
sun fito shan iska a wani lambu.
Matan cikin riguna kamar rumbun gero,
kowacce da 'yar laima, ba ruwa ba rana.
Mazan da huluna kamar turmi a kife,
ɗaya ya ɗan duƙa, ko gaisuwa ko ciwon baya.
Karensu ma ya fi akuyar gidanmu ƙiba.

Na fi shekara ina kallonta
duk Alhamis in na shigo kasuwa,
sai jiya na ga yaron.
Yana can gefe, inda gara ta fara ci,
riƙe da linzamin dokin wani,
ƙafa ba takalmi, ido a kan masu rawa.
Mai zanen bai ko ƙarasa masa fuska ba.

Sai na tuna damben kaka a bayan kasuwa.
An kewaye fili da zana, ƙofa ɗari biyu.
Alhaji Nadabo da baƙinsa a kujerun roba
ƙarƙashin rumfa, ana yi musu fifita,
lemo mai sanyi na zufa a hannunsu.
Masu ɗari biyu a tsugune cikin rana.
Mu kuwa muna kan reshen darbejiya,
ni da Talle da ɗan Tasalla mai fura,
muna ganin rabin fili,
kalangu na ba mu labarin sauran.
Da aka yi kisa, ihunmu ya riga nasu tashi.

Na ce, Cindo, ka ga ɗan'uwanmu?
Ya zare allura daga baki, ya gyara tabarau,
ya daɗe yana dubawa.
Ya ce, wallahi ni tabon mai na ɗauka.
Ya koma kan keke.

Na tsaya da rigata a hannu, ban fita ba.
Gara dai daga gefe take farawa.
Bana ta ci ƙafarsa, baɗi kafaɗa,
masu laima na nan suna murmushi,
ba wanda ya tambaya
wa zai riƙe dokin.