Yatsa Ɗaya a Waje

A filin harbi, bayan garin Tawa,
rana ta dafa ƙarfe tun da hantsi.
Na zo da safar hannu, jar fatar akuya,
wadda Nomau baduku ya ɗinka mini bashi.

Ajidan Tankari ya tofar da tuƙar goro:
"Kadiri, lalle kake ɓoyo?
Kunamar bindiga ba ta jin magana ta bayan labule.
Tuɓe."

Na tuɓe. Harsashi ashirin,
tafina ya yi bororo kamar na sabon manomin albasa,
amma gwangwanin kan dutse ya faɗi sau bakwai.
Na mai da safa: hannu ya huta,
gwangwani ma ya huta.

Da dare na ari reza
na yanke kan manuniya kaɗai.
Yatsu huɗu su sha inuwa,
guda ya zauna tsirara,
ya san zafin ƙarfe,
ya yi jinkiri in jinkiri ya kama.

Don ran da gwangwani ya zama ɗan wata,
ba na so a ce fatar akuya ce ta ja.
Ni ne.