Tafin Hannu Sama

Injin janareto ne, a Panteka, ranar Talata.
Gambo ya saki gefensa, ni na ƙi sakin nawa.
Sai na ji ƙas! a gwiwar hannun dama,
kamar tsirkiya ta tsinke.
Naman damtsena ya tattare ya gudu sama,
ya dunƙule kamar curin fura.

Mai ɗori na Tudun Wada ya lalluba, ya girgiza kai:
"Ƙashinka lafiya lau, Tanko. Wannan ba aikina ba ne."

A Barau Dikko likita ya zana mini a bayan kati:
ga jijiya, ga ƙashin da ta bari.
Ya ce kada a kai sati uku,
in ta daɗe da yaji ba ta jin biko.
Na sayar da ƙaramin injin walda,
Uwani ta kwaso adashinta.

Ban ga komai ba. Na ƙirga zuwa bakwai.
An ce sun jawo ta da zare, sun huda ƙashi,
sun ɗaure ta yadda nake ɗaure wayar kuloci.
Ni mai gyara, aka gyara ni ina barci.

Sati shida hannu na rataye a wuya
kamar jaririn da ba ya kuka.
Na ci tuwo da hagu, ina sunkuyar da kai gaban yara.
Kogin Kaduna ya cika, ya ja baya,
ni ina zaune ina kallon tabo
da wani wuri a fata da ko ƙuda ba ya ji.

A ɗakin gashi Sista Laraba ba ta wasa.
"Juya tafin sama." Ya tsaya a rabi, yana rawa.
"Sake."
Cokali ta fara ba ni, sai kofin shayi,
sai robar ruwa da ta sa ni gumi.

Ashe juyawa ce aikinta:
makulli, sukundireba, murfin kwalba,
karɓar canji a hannun mai keke.

Jiya da la'asar liman ya ɗaga hannu,
na ɗaga nawa ban sani ba.
Tafuka biyu suka dubi sama, daidai.
Har na manta abin da zan roƙa.

Gobe zan leƙa Panteka.
Gambo, in ka ji nauyi, ce a sauke.
Ni ma yanzu bakina ya iya faɗa.