Mu Huɗu a Rumfar Tunau

Jega, bayan Isha'i.
Motocin albasa sun tashi,
mun rage mu huɗu a tabarma,
gyaɗa ce jarinmu.

Tunau ya raba karta, ya ce: Yaro,
in 'yan wasa sun yi kaɗan,
zagaye ba ya jira.
Mai jiran sarki biyu
a zaune gyaɗarsa ke ƙarewa.
Shiga da ɗan abin da ka samu.
Bari su fara magana, kai ka rufe.
Daina ƙura wa kartarka ido,
ba za ta sauya ba.
Dubi Arzika:
in ya sosa gemu, fanko ne hannunsa.

Ya sosa.
Na tura tulina duka.

Ashe ƙaiƙayin gaske ne.
Har na kai ƙofar gida
ina jin yana ɓare gyaɗata.