Kofi Biyu a Aboabo

Fuseina ta aiko da ƙulli daga Istanbul,
'yan ƙwallaye masu kama da gujjiya.
A jikin leda ta rubuta: hazalnot.
Na juya sunan sau uku a baki,
harshe ya ƙi. Na raɗa musu gyaɗar Turkawa.

Shekara arba'in ina ƙirga goro a Kumasi,
ɗaci ba baƙona ba ne.
Wannan kam sai da ta koya mini ta waya:
"Baba, soya su a kasko, kada su ƙone,
murje ɓawon cikin tsumma,
daka har su yi gumin mai."

An ɗauke wuta, na hura gawayi.
Turmin yaji na wanke sau biyu,
duk da haka citta ta bar sawunta.
Madara ta taso, saura ƙiris ta yi mini ɓarna.
Na tace da farin ƙyalle,
na tsiyaya baƙin ruwan a hankali,
sukari ƙwaya ɗaya, don tsoron likita.

Ƙanshi ya haura katanga.
Na ƙwala wa Hajiya kira: "Kofi ya yi!"
Sai maƙwabcina ya amsa: "Ga ni!"
Ranar Juma'a ce ma, ranar sunansa.
Ya shigo da moɗarsa a hannu, yana dariya.

Muka zauna kan benci, ruwa na dukan kwano.
Ya kurɓa, ya daɗe bai ce komai ba,
can ya ce: "Yaushe yarinyar za ta dawo?"

Na kwance ƙullin, na leƙa.
Saura tara.