Tiyata

A kasuwar Maraɗi, layin 'yan hatsi,
tiyata ta lotsa tun bara, na yi gum.

Bitrus na asibitin Danja ya leƙa gindinta:
"Illo, mu dai an gargaɗe mu,
awon da ka yi wa wani, shi ke jiranka."

Malam Haru na gefe yana ɓarar gujiya:
"Mu azaba aka ambata mana.
Mutanen Musa ma, na ji,
an hana su dutsen awo biyu."

Ban taɓa ganin Bayahude ba,
sai ga shi a rumfata,
su uku sun ritsa ni kan ƙwayar gero.

Da la'asar na kai ta maƙera.
Guduma uku, lotsi ya fita.
Ladan gyaran kuwa,
sai da na nemi ragi.