Naman Kaza

Ruwan asuba ya sauka a Aboabo,
kwanon rufi na ta surutu kamar 'yan tasha.
Waken da na jiƙa tun daren jiya
nake murzawa, ɓawo na tasowa
fari-fari kamar farcen jariri.

Ni ce Memuna, 'yar Baba Seidu mahauci.
Shekara talatin da ɗaya ya yi a mayankar Kaase,
goma daga ciki ni ke wanke rigarsa.
Jini ba ya fita sai da ruwan sanyi:
na san wannan tun kafin in iya ɗaurin ɗankwali.
Wata Laraba na kai masa koko,
motar shanu ta iso daga Paga,
wata saniya ta leƙo ta tsakanin katako,
harshenta a bushe, ta dube ni.
Ba ta ce komai ba.
Daga ranar tukunyata ta sake hanya.

Ban ce haram ba, kada a ɗora mini.
Abin da Allah Ya halatta ya halatta.
Maƙogwarona ne dai ya rufe ƙofa,
ni kuwa ban tsaya gardama da shi ba.

A kasuwar Asawase ake kallo.
Maame Serwaa ta cusa mini koobi, wai gyara,
in mayar mata, in ce ƙara gauta.
Mai waakye ta ɗaga ganda a cokali,
tana jira, layi na jira.
Na ce gari da taliya kawai,
ban da ƙwai, ban da shito, akwai kifi a ciki.
Ta ce, “Ei, likita ne ya hana?”
Na ce lafiyata lau.
Ko dunƙulen magi sai na juya bayansa,
ina bin ƙananan rubutu da yatsa
kamar mai neman sunanta a allon jarrabawa.

A madafi kuwa babu mai tambaya.
Manja ya narke, albasa ta yi tsuwa,
daddawa ta buɗe baki, maƙwabta sun san na fara.
Kontomire na yanka siriri,
agushi ya dunƙule kamar hadari,
citta, kimba, barkono uku,
na huɗun don ƙanena Fuseini.
Na markaɗa aya da dabino, na tace:
ga madarar da ba a ƙwace wa maraƙi ba.

Ran Juma'a Baba ya biyo da sandarsa.
Shekara biyu bai sa hannu a kwanona ba.
“Miya ba nama,” in ji shi, “ruwan wanke hannu ce.”
Zai tashi, ruwa ya sake ɓarkewa.
Na ajiye doya da ayaba, na koma gefe.
Loma ɗaya. Ta biyu.
A ta uku haƙorinsa ya gamu da wani abu mai tsoka.

“Wannan fa?”
“Naman kaza ne, Baba.”

Ban yi ƙarya ba.
Shi ne mai tsirowa a ruɓaɓɓen kututture da damina,
matan Ejisu ke kawo shi a ƙunshin ganye.
Ya juya shi a yatsa,
mutumin da ya san kowace gaɓa ido rufe.

“Kazar nan ba ta da ƙashi.”
“Ba ta da shi.”
“Ba ta yi kuka ba ke nan.”
“Ba ta yi ba.”

Ya daɗe yana kallon ruwa na bin kwata.
Bai yaba ba, Baba ba ya yabo.
Ya dai suɗe kwano har na ga zanen fure a gindi,
sannan ya ɗauki wuƙata, ya gwada ta a farce.

“Ta dakushe,” ya ce.
“Ganye ma yana da haƙƙi, a yanka shi da kaifi.”

Ya durƙusa da gwiwarsa mai ciwo
a bakin dakalin siminti,
yana wasa ta, gaba, baya,
har aka kira la'asar.