Randar Ya Kellu

Shekara tara ke nan ina ƙetare gadar Ngeli,
buhun fata a ka, takarda a aljihu.
Jandarma ya kwance, ya leƙa, ya toshe hanci,
ya ce in wuce da warin jimata.
Daga Marwa na taso, Gawi na dosa.

Gawi, inda mata ke yi wa bango kwalliya
kafin su yi wa kansu:
jar ƙasa, farar ƙasa, baƙin gawayi,
kifi a nan, kada a can,
ga tafin wata yarinya da ya kuɓuce mata a jikin soro.
An ce Sawo ne suka kafa garin,
ƙattin da ke sakace da giginya.
Ban gan su ba. Na dai ga tukwanensu,
kowace za ta ɓoye mutum da guzurinsa.

Ranar biki fili ba masaka tsinke.
Masaƙa, maƙera, masu sassaƙa turmi,
mai kifin salanga tana korar ƙuda da maficin sayarwa,
lasifika na tari, ganga na amsawa.
Ni kuwa tabarmata, kamar kullum,
tana gefen ta Ya Kellu, maginiya.

Ba ta jin Hausa sai "sannu" da "tsada",
ni Larabcina bai wuce ƙirgen sefa ba.
Amma ta taɓa taka kwali na zana ƙafarta,
tun daga nan, duk shekara,
takalmi nawa, tulu nata,
ba wanda ya taɓa neman ciko.

Bana na tarar da ita zaune, hannu a cinya.
Babbar randar nan da ta yi wata biyu tana ɗagawa,
mai wuya kamar na amarya,
ba ta nan.
Jikanta Abakaka ya ce an saye,
kuɗi masu kauri, daga manyan birni,
an kai ta tsohon gidan sarki inda ake ajiye tarihi.

Na ce barka! Ta harare ni.
Ta kama hannun rigata, muka bi lungu,
muka sunkuya ta ƙofar da ke koya wa dogo ladabi.
Ga ta can a kusurwa, an kewaye da igiya,
da 'yar takarda a gindi, da Faransanci.
Baƙi na ɗaukar hoto, suna rage murya
kamar an shiga gaisuwar mutuwa.

Ya Kellu ta tsallake igiyar.
Ta ƙwanƙwasa cikin randar da ɗan yatsa,
ta kara kunne.
Ta faɗi kalma ɗaya, yaron ya juya mini:
"Wai ƙishirwa take ji."

Mai gadi ya zo da hula da doka.
Ta dube shi tun daga takalmi har hula,
ashe ita ta gina kaskon da aka yi masa wankan jego.
Ya sosa ƙeya. Ya tuna ana kiransa a waje.

Guga uku na ɗauko daga famfon masallaci,
ni baduku, da furfurata.
Na farko ƙasar ta shanye da ɗan kuka siriri,
na biyu ya zauna,
a na uku gumi ya keto mata ta waje,
ƙanshin ruwan fari ya cika ɗakin.
Wata baƙuwa ta sauke kyamara,
ta miƙo hannu biyu.
Aka ba ta a moɗa. Ta sha, ta ƙara.

Da la'asar na sayar da jaka huɗu da kube ɗaya,
ko kuɗin mota bai cika ba.
Ya Kellu ta gwada takalminta, ta taka, ta gyaɗa kai,
ta turo mini tulu da ƙafa.
Yanzu yana kan cinyata a bayan kalando,
kowane rami sai na ce bismilla,
ruwan Gawi na motsi a ciki,
yana jiƙa mini gaban riga.